TAFIYAR ƘAFA A ƘASAR DUWATSU: DAGA TURAI ZUWA HANYAR GWANJA

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Lokacin da aka yi wannan karin magana babu mota, babu jirgi, saboda haka tafiyar da ake nufi ita ce ta ƙafa, wadda matafiyi zai shiga gari ya sha ruwan rijiyarsu, ya ci tuwonsu, ya kwana a zaurensu, da asuba ya ɗaura kaya ya nufi na gaba. A cikin wannan ɗan rubutu ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayanin irin wannan tafiya, musamman a ƙasar duwatsu inda ta fi wuya. Zan fara da yadda Turawa suke yin ta don sha'awa, sa'an nan in dawo gida in nuna yadda kakanninmu fatake suka yi ta don neman abinci. Abin da na tara na samo shi ne daga darasin labarin ƙasa da na tarihi, da littattafan laburarenmu, da kuma bakin kakana a zauren gidanmu da ke Ƙofar Wambai.

Kewaya Farin Dutse

A tsakiyar Turai akwai jerin manyan duwatsu da ake kira Alps, sun ratsa ƙasashe takwas. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Mont Blanc, watau Farin Dutse da Faransanci, don ƙanƙara ba ta rabuwa da kansa rani da damina. Tsawonsa ya kai kimanin mita 4,800 bisa teku, alhali kuwa birninmu na Kano bai cika mita 500 ba. A shekarar 1786 aka fara hawa ƙololuwarsa, waɗanda suka hau kuwa mutum biyu ne 'yan ƙauyen Shamoni da ke gindinsa, wani likita mai suna Michel Paccard da wani maharbi Jacques Balmat.

Hawa ƙololuwa sai gwanaye. Abin da yawancin mutane suke yi shi ne kewaya dutsen da ƙafa. Turbar da ta zagaye shi ta kai kimanin kilomita 170, ta bi ta Faransa da Italiya da Suwizalan, mai matsakaicin ƙarfi kuma yakan gama ta cikin kwana goma ko sha ɗaya. Kullum sai ya tashi daga wani ƙauye a cikin kwari, ya yi ta hawa har ya kai mashigar da ke tsakanin duwatsu biyu, wata ma ta wuce mita 2,500, sa'an nan ya gangara wani kwarin. In an tara hawan da zai yi tun daga farko har ƙarshe, ya kusa mita 10,000. Ba a bin turbar sai daga wajen tsakiyar Yuni zuwa Satumba, lokacin da ƙanƙara ta narke daga mashigai. Ko a lokacin ma sai da rigar sanyi, domin malamin labarin ƙasa ya koya mana cewa duk hawan mita 1,000 zafin iska yakan ragu da kimanin digiri shida da rabi. Mutum sai ya bar ƙauye yana gumi, kafin azahar haƙoransa na kaɗawa.

Abubuwa biyu ne suka sauƙaƙa wannan tafiya. Na ɗaya, an shafa fenti a jikin duwatsu da itatuwa, a ɓangaren Faransa ja da fari, don kada baƙo ya ɓace. Na biyu, a ƙarshen tafiyar kowace rana akwai ƙauye ko masauki inda za a ba shi gado da abinci mai zafi ya biya. Turbobin nan fa ba don masu yawon sha'awa aka fara yin su ba. Makiyaya ne suka tattaka su, masu hawa da shanu lokacin zafi su sauko da cuku kafin sanyi, da kuma 'yan kasuwa masu alfadarai. A wata mashiga mai suna Saint Bernard, tsakanin Suwizalan da Italiya, akwai masaukin da malaman Kirista suka kafa kusan shekara dubu da suka wuce don ceton matafiyan da ƙanƙara ta rutsa da su. Mutanen Shamoni kuwa tun 1821 suka kafa ƙungiyar 'yan jagora, har yau tana nan. Watau dai tsohuwar hanyar kakanninsu ce suka gyara, ta zama abin da ƙauyukansu ke ci da shi.

Hanyar Gwanja

Da na kai wa kakana wannan labari sai ya yi murmushi, ya ce, “Kai yaro, kwana goma har tafiya ce? Kakana ya je Gwanja sau uku da ƙafarsa.” Daga nan ya shiga ba ni labarin da ya ji a gida tun yana ƙarami, na kuma tarar mafi yawansa ya dace da abin da ke cikin littattafan tarihi.

Gwanja tana arewacin ƙasar Gana ta yau, babbar kasuwarta kuwa ita ce Salaga. Goro ba ya fita a Gwanja. A kurmin Asante da ke kudu yake, daga can ake kawo shi Salaga, inda fatakenmu suke jiransa. Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, amma a ƙarni na 19 ne cinikin ya kai ƙarfinsa. Waɗanda suka fi shahara da shi su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Tsakanin Kano da Salaga ya fi kilomita 1,000 ko da a miƙe aka auna, balle ga mai bin kwana-kwanar hanya. Zuwa da komowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara.

Hanyoyin suna da yawa, amma wadda aka fi sani takan bar Kano ta yi yamma maso kudu har bakin Kwara wajen Yawuri ko Busa, inda ake yin fito da jiragen ruwa. In an haye sai ƙasar Bargu, a bi ta Nikki zuwa Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau. Daga nan ƙasa ta fara tashi. Waɗansu ayarori sukan ratsa tuddan ƙasar Kotokoli a arewacin Togo, waɗansu su kewaya ta Sansanin Mango, duka dai a gangara Yandi ta Dagomba, sa'an nan Salaga. Kayan da ake tafiya da su sun haɗa da kanwa, da baƙaƙen tufafin rini, da riguna, da jan fata, da takalma. Mu 'yan Ƙofar Wambai wannan ya shafe mu ƙwarai, domin jima da dukanci sana'o'in unguwarmu ne har gobe. Wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama cikin 1826 yana komowa daga Gwanja, ya rubuta cewa mutanen cikinsa, maza da mata, sun haura dubu, dabbobin kaya ma kamar haka.

Taron mutum dubu ba ya tafiya sai da tsari. Shugaban ayari shi ne madugu, wanda ake yi wa kirari da uban tafiya. Kakana ya ce a baya yake tafiya, don kada a bar gajiyayye ko a yanki ayarin ta wutsiya. A gaba akwai jagaba, masanin hanya, shi ya san inda rijiya take da inda 'yan fashi suke kwanto. Akwai uban dawaki mai tara kuɗin da za a biya sarakunan hanya, da malamin ayari mai rubutu da addu'a, da makaɗi wanda gangarsa ke sanar da tashi da sauka. Da asuba ake ɗaura wa jakuna kaya, a yi ta tafiya har rana ta take, sa'an nan a sauka a zango. Mata su hura wuta, samari su tafi yankan ciyawa da ɗiban ruwa, madugu kuwa ya shiga gari da gaisuwa wurin sarki.

A komowa wahalar ta fi yawa, don goro ba ya son zafi, ba ya son iska. Akan naɗe shi cikin ganyen fita a yi huhu, a riƙa kwancewa a kan hanya ana yayyafa ruwa ana tsince wanda sankara ta kama, in ba haka ba ɗaya ya ɓata sauran. A wurin hawan dutse kuma jaki yakan turje, sai an sauke kaya an ɗauka a ka, a gangara kuwa sai an riƙe shi kada kayan su rinjaye shi. Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya, cikin masu ɗaukar kayan nan akwai bayi, Salaga kanta kasuwar bayi ce babba. Wannan tabo ne a tarihin hanyar, bai kamata a ɓoye wa ɗalibi shi ba.

Me ya kashe hanyar? A 1874 Ingilishi suka ci Asante da yaƙi, Salaga ta ɓalle daga ƙarƙashinta, goro ya rage zuwa can. A 1892 yaƙin basasa ya watsa garin, fatake suka bazu waɗansu kasuwanni. Daga baya aka gane ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara ta bakin tekun Gana zuwa Ikko, ga shi kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka ga zamani biyun, ya san fataucin Gwanja, ya kuma yi cinikin goro ta teku. Abin da hanyar ta bari shi ne sunanta a bakin mutane. Har yau unguwannin baƙi Musulmi a garuruwan Gana da Togo da Benin sunansu Zango, Hausa kuma ake yi a cikin da yawansu.

Mutanen kan dutse

Duk wanda ya dubi labaran nan biyu zai ga abu ɗaya, matafiyi ba shi da komai sai abin da ƙauye ya ba shi. Ƙarfin ƙafa ba ya haƙa rijiya a kan dutse, kuma taswira ba ta san wace ƙorama ce ta ƙafe bana ba. Mutanen wurin ne suka sani. Don haka ya kamata mu san ko su wane ne mazauna duwatsu a nan kusa da mu.

A arewa da mu, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai duwatsun Abzin. Mafi tsawonsu yana kan tudun Bagazam, ya ɗan haura mita 2,000. A tsakiyar hamada suke, amma a cikin kwarurrukansu akwai ƙauyuka irin su Timiya masu lambunan dabino da lemo da albasa da alkama. Daga nan Buzaye suke tashi da raƙuma su ratsa yashin Tenere zuwa Fashi da Bilma su ɗauko gishiri, su gangaro da shi ƙasar Hausa su saya hatsi da tufafi. Tsofaffi sun ce Fage, wadda ke fuskantar ƙofarmu ta waje, masaukin irin waɗannan baƙi ce a da.

A gabas kuwa, cikin duwatsun Mandara a yankin Madagali ta Jihar Adamawa, akwai Sukur. Mutanenta sun shimfiɗa wa turbar hawa dutsensu manyan duwatsu tun daga ƙasa har fadar sarkinsu, wanda ake kira Hidi. Gonakinsu hawa-hawa suke kamar matakala, kowace an tokare ta da jeren dutse don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar, kuma sun shahara da narkar da tama. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta fari a Nijeriya. A 2014 'yan Boko Haram suka kai mata hari suka yi ɓarna. Can kudu da ita, a Jihar Taraba kan iyakar Kamaru, akwai Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a ƙasarmu, mita 2,419.

Waɗansunmu 'yan birni sukan raina mutanen dutse, su ce ƙauyawa ne. Wannan rashin sani ne. Da yawa daga cikinsu tsoron mahara masu kamun bayi ne ya hau da kakanninsu can, suka kuma koyi noma a inda mu ko tsayuwa ba za mu iya ba. Wanda ya san haka, in ya shiga garinsu da sallama da ladabi zai shiga.

Ƙa'idojin tafiya

Daga abin da na karanta da abin da kakana ya faɗa mini, na fitar da ƙa'idoji shida ga duk mai niyyar doguwar tafiya.

Na farko, ba a tafiya ba shugaba. Ko ku biyar ne ku naɗa madugu, mai sanin hanya ya wuce gaba, mai ƙarfi da haƙuri ya tsaya baya, a kuma daidaita sauri da ƙafar wanda ya fi kowa rauni.

Na biyu, a san zango kafin a tashi. A ƙididdige tafiya da awa, kada a dogara da kilomita kaɗai, domin kilomita ɗaya a hawan dutse ta fi uku a fili. A yi sammako, a sauka da sauran rana. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Na uku, a kula da ƙafa, ita ce dokin matafiyi. Kada a fara tafiya da sabon takalmi, sai wanda ƙafa ta saba da shi, in ba haka ba bororo zai tsai da mutum tun ranar fari. Duk wani baduku a unguwarmu zai gaya maka fata sai ta sha ƙafa take laushi.

Na huɗu, kaya kaɗan, ruwa da yawa. Guzuri ya zama mara nauyi wanda ba ya lalacewa, kamar dabino da ƙuli-ƙuli da kilishi da dakuwa. A riƙe bargo ko rigar sanyi ko da ana zafi a ƙasa. Ruwan rafi kuwa a tafasa shi kafin a sha.

Na biyar, a ba gari haƙƙinsa. A fara da gaida mai gari, a nemi izni, a ɗauki ɗan jagora a cikinsu a biya shi, don da ɗan gari akan ci gari. Kada a tattake gona, kada a ɓata bakin rijiya, kada a ɗauki hoton mutum sai ya yarda, kada a taɓa wurin da suke girmamawa. Abin da suke sayarwa a saya, kada a tsaya ana jayayya a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Na shida, a san lokacin juyawa. In hadari ya taso ko hazo ya rufe dutse, ko aka ji labarin hanya ba lafiya, a koma. Madugun kirki da yawan waɗanda ya komo da su gida ake gane shi.

Daga ina za mu fara?

A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya hana bin wurare da dama da na ambata, ciki har da dazuzzukan da tsohuwar hanyar Gwanja ta ratsa. Babu uban da zai bar ɗansa ya nufi can, kuma yana da gaskiya. Amma koyon tafiya ba sai an je nesa ba. Wata Asabar malaminmu na labarin ƙasa ya tara mu mu goma sha ɗaya bayan sallar asuba, muka tashi daga Ƙofar Wambai, muka ratsa kasuwar Kurmi tun ba a buɗe rumfuna ba, muka bi lunguna har gindin Dala. Ya naɗa mana jagaba da madugu, ya ba ɗaya taswira, ya ce ɗaya ya riƙa rubuta sunan duk unguwar da muka wuce. A kan dutsen ya nuna mana Goron Dutse a yamma, da hasumiyoyin babban masallaci, da ragowar badala a inda ba a cinye ta da gini ba. Ya tuna mana cewa a gindin nan maƙera suka narka tama fiye da shekara dubu da suka wuce, tun kafin Sarki Gijimasu ya fara gina ganuwa. Biyu daga cikinmu an haife su a birni, amma ran nan suka fara taka Dala. Lalle hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma zaman birni ba sanin Dala ba ne.

Bayan Dala akwai Goron Dutse da duwatsun Fanisau. In ƙafa ta yi ƙwari kuma hukuma ta tabbatar hanya lafiya, akwai duwatsun Rano, da na Riruwai a kudancin jiharmu inda aka haƙi kuza, da duwatsun Shere kusa da Jos inda ake horar da matasa hawan dutse da shugabanci.

Saboda haka ina roƙon hukumar makarantarmu ta kafa ƙungiyar tafiyar ƙafa ƙarƙashin malaman labarin ƙasa da tarihi, a riƙa fita ko sau ɗaya ne a kowane zangon karatu. Ina roƙon iyayenmu su ba mu izni idan an shirya abin bisa tsari. Ku kuma 'yan'uwana, duk mai tsoho a gida ya zauna kusa da shi da takarda da alƙalami, ya tambaye shi sunayen zangunan da kakanninsa suka sauka, ya rubuta. Turawa sun shafa wa hanyar kakanninsu fenti, ba za ta ɓace musu ba. Tamu kuwa a cikin kan tsofaffi take, kuma kullum raguwa suke yi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa mu gama karatunmu lafiya, amin.